Auduga Mai Zare a Akwatin Talatu

Sabo, Ibadan
Cikin watan Sha'aban

Zuwa ga 'yata Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki, cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki da waɗanda kuke jinya. Allah ya kau da harsashi daga inda kuke, ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani. Mu nan lafiya lau. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Ke kika koya mini baƙaƙen boko da gawayi a bangon madafa, to ga abin da kika shuka, duk ya karkace. Da magana ce ta yau da kullum, da na aika wa mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ya rubuta. Wannan ba ta kunnen namiji ba ce. Ki nemi inda babu kowa ki karanta.

Ke ce 'yar fari, kin kuma san yadda muke da 'ya'yan fari. Kin haura shekara ashirin ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da ke ba. Haka na ga uwata ta yi da yayata, ni ma na ɗauka. Amma yau kina can wajen Binin, a asibitin da ake kwaso waɗanda yaƙin nan ya raunata, ni ina nan, kunyar kuwa ba za ta tsinana miki komai a can ba. Saboda haka na ajiye ta. Zan yi miki maganar kwalin nan na auduga mai zare, wadda kika ce a wurin aikinku tamfon ake ce mata.

Kin san farkon maganar, amma ba ki san duka ba. Da aka ce an sa sunanki cikin nas-nas da za su tafi, na hau shirya miki akwati. Na daka yaji, na ƙulla kuka da daddawa, na yi dambun nama. Na yayyanka tsohon farin zanena na dalmashe bakinsa na yi miki ƙunzugu masu yawa, don na san ba za ki sami lokacin yi ba. Garin cusa su a ƙasan akwati, ƙarƙashin fararen kayanki na aiki, hannuna ya taɓa kwali. Na buɗe na ga wasu abubuwa a jere, an naɗe kowanne da takarda, kamar ƙananan kyandir. Na ɓare ɗaya. Bututun takarda ne biyu, ɗaya cikin ɗaya, da dunƙulen auduga a ciki, ga zare yana reto. Na juya shi, na sansana, ban gane komai ba. Na ce ko na toshe rauni ne.

Da na yi haƙuri kin dawo daga asibiti na tambaye ki, da magana ta ƙare a ɗaki. Sai na ƙulle shi a bakin zane na bi ta ƙofar baya na shiga gidan Asabe maƙwabciyarmu, don tana sayar da kayan koli, kullum tana nuna babu abin kanti da ba ta sani ba. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! A ina kika samo wannan?"

Na ce, "A akwatin yarinyar nan. Na mene ne?"

Ta rage murya, alhali ga mata biyu a zaune suna jiran ta auna musu tozali, ta ce, "Na al'ada ne, amma ba a waje ake sa shi ba, ciki ake turawa. Matan bariki ke yi. Budurwa in ta sa wannan, ai shi ke nan, babu abin da za ta kai ɗakin miji."

Na karɓe abina na fito, amma matan nan biyu sun riga sun gani, sun kuma ji daga akwatin wa ya fito.

To ki ji, Talatu. In kin ga abin mutum ba ki gane ba, mai shi za ki fara tambaya. Ke ma'aikaciyar jinya ce, za ki buɗe jikin mutane da jakunkunansu, za ki ga laya, za ki ga cuta a inda ba a faɗa, za ki ji abin da mai zafin ciwo ya furta ba da saninsa ba. Kada ki ɗauka ki kai wa kowa don a fassara miki. Ni na kai, kuma sunanki na jefa a bakin unguwa da hannuna.

Kin tuna yammacin da kika dawo. Ko takalmi ba ki cire ba na jefa miki kwalin a gabanki. Ban tambaye ki ba, hukunci na yanke. Na ce, "Wannan ne karatun? Wannan za ki tafi yi a cikin sojoji?" Na zaci za ki yi kuka, ko ki ɗaga mini murya. Sai kika durƙusa kika tsince waɗanda suka zube, kika mai da su ɗaya bayan ɗaya, sannan kika ce:

"Inna, babbar sista ce ta raba mana, mu duka masu tafiya. Ta ce inda za mu ruwa yana wuya, ba kullum za a sami na wanke ƙunzugu ba. In an wanke ma, ina za a shanya, maza ta ko'ina? Ta ce akwai ranar da za a kawo mota cike da masu rauni, mu tsaya a ɗakin tiyata tun safe har rana ta karkata, da fararen kaya, ba mai cewa bari in zaga."

Kika ƙara da cewa, a hankali, idonki a ƙasa:

"Ban ma taɓa gwadawa ba, Inna. Na san yadda yake a littafi. Amma tsoro nake ji. Kuma wa zan tambaya?"

Maganar nan ta ƙarshe ta shige ni fiye da yadda kike zato. Kina tsaye gaban uwarki kina cewa wa za ki tambaya. Kuma gaskiyarki.

Ni ranar da na fara ganin jini, a ƙauyenmu can ƙasar Kano, ina tsinkar zogale ne a bayan gida. Na ɗauka wani abu ne ya tsinke a cikina, mutuwa zan yi. Ba wanda ya taɓa gaya mini komai. Na yagi tsumma na tare, na ɓoye. In na wanke ba na yarda in shanya a rana kada a gani, sai in tura ƙarƙashin tabarma da danshinsa, gobe in sake sawa. Ƙaiƙayi da kuraje suka kama ni har tafiya ta gagara, sannan kakata ta gane, ta yi mini faɗa, ta dafa mini bagaruwa. Na sha wuyar nan da jikina, amma da lokacinki ya zo me na yi? Na ga alama a zanen makarantarki, na ƙulla tsummoki a ƙyalle na ba ki, na ce ki kai wa Goggo Dije za ta gaya miki abin da za ki yi. Ko kallon fuskarki ban yi ba. Goggo Dije kuwa kurma-kurma ce, abin da ta gaya miki bai wuce ki daina salla ki guji maza ba. Sauran a wurin malamarku Bayarabiya kika ji.

Saboda haka ga shawarata. Abin da ya shafi jikinki, ki buɗe baki ki tambaya, ko da muryarki na rawa. Kuma akwai ƙananan nas a tare da ku, waɗanda ba su kai ki wayo ba, an ba su kwalin nan kamar yadda aka ba ki, suna can suna juya shi a ɓoye. Ki jawo su jiki. Kada ki jira su zo, ba za su zo ba. Ni ma na zaunar da ƙanwarki Binta kwanan baya, na gaya mata abin da ke tafe gare ta da yadda za ta kula da kanta. Ta rufe fuska da mayafi, ni ma gumi nake yi, amma na kai ƙarshen maganar.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Washegarin faɗan nan na ce wa Babanki ina son zuwa unguwar Mokola ganin Iya Sikira, lalurar mata ce. Jin haka bai ƙara tambaya ba, ya ce a dawo lafiya. Kin san Iya Sikira, tsohuwar unguwarzoman asibiti da ta karɓi haihuwar ƙannenki Binta da Auwalu, yanzu ta bar aiki tana zaune a gida. Na same ta tana gyaran ganyen ewedu, wato lalo. Ta ce, "Iya Talatu, ekabo, sannu da zuwa! Lafiya kika fito da rana haka? Ko ciki ne kuma?" Na ce ba ciki ba ne. Na kwance bakin zane na nuna mata. Na gaya mata abin da Asabe ta ce.

Ta ajiye tiren ganyen, ta dube ni da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Asabe ɗin nan, haihuwa nawa ta karɓa? Ni hannun nan ya tsufa a cikin aikin mata. Auduga ba ta mai da budurwa matar aure. Budurci abin da yarinya ta yi ne ko ba ta yi ba, ba abin da ta tare jini da shi ba. Hanyar da jini yake fitowa, ai a buɗe take tun asali, in ba haka ba ta ina yake bi? Sai dai halitta ta bambanta. Wata zai shige mata ba wahala, wata sai ta bi a hankali da ƙarami, wata kuma jikinta ba ya so, sai ta haƙura ta koma wa tsumma. Babu laifi a ko ɗaya."

Na ce, "Ba ya ɓacewa a ciki? Ba ya wucewa can cikin hanji?"

Ta ce, "Ina zai je? Can ciki a rufe yake. Zaren nan kuma don me aka sa shi?"

Sannan na ji bakina ya ce, "Iya, ni ma har yanzu ina gani duk wata. Ki ba ni in gwada. Ba zan bar yarinyar nan ta sa abin da ban san zafinsa ba."

Ta tafa hannu ta ce, "O kare, madalla! Haka ake uwa." Ta shiga ɗaki ta ɗebo mini kaɗan daga kabad ɗinta. Ta ɓare ɗaya, ta dunƙule hannunta na hagu ta ce in duba yadda ake yi. A nan na sake yin wauta. Kunya ta rufe ni, na kau da kai ina kallon kajin da ke tsakar gida, ina ta cewa "to, to, na gane." Ban ga komai ba.

Na so in gaya miki kafin ki tafi, amma lokacin al'adata bai zo ba sai bayan motarku ta ɗaga. Ranar da ya zo, na jira Babanki ya fita rumfar goro, yara sun tafi makaranta, na shiga makewayi da buta da sabulu. Na yi bisimilla a raina na sa. Sai dai ban san cewa bututun takardar nan abin turawa ne kawai ba, ana zare shi a yar. Na ɗauka duk tare ake bari. Haka na fito da shi.

Talatu, ranar na ga ta kaina. Ina da dakan fura, ga masu saye za su aiko da rana. In na sunkuya ya soke ni, in na zauna a kujera 'yar tsugunno sai in miƙe zumbur kamar na hau kan ƙaya. Tafiya nake ƙafa a wawware kamar agwagwa. Goggo Dije ta leƙo ta ce ko basir ne ya taso mini, har tana cewa za ta aiko da sassaƙe. A raina ina cewa, wannan azabar Turawa suka ƙirƙiro, kuma ita 'yata za ta tsaya da ita a kan masu rauni? Kafin azahar na cire, na ce ba ni ba shi har abada. Na kwana da niyyar in rubuto miki ki zubar da kwalin a masai.

Amma na tuna ban kalli hannun Iya Sikira ba. Da safe na koma Mokola. Da na gaya mata yadda na yi, matar nan ta yi dariya har ta zame daga kan benci, tana share hawaye da gefen ɗankwali tana cewa, "Pele, pele, sannu Iya Talatu! Kin ci alewa da takardarta!" Ni ma dariyar ta kama ni. Ta ce, "Oya, maza, yau ki buɗe ido." Na buɗe kuwa. Na sa ta maimaita har na iya nuna mata da nawa hannun.

To ga abin da na koya, daga bakinta da kuma jikina, ki haɗa da na littafinku. Ranar farko kada ki gwada kina sauri, kada ki gwada ana jiranki a bakin ƙofa. Ki zaɓi ranar da jinin yake zuba sosai, ya fi sauƙin shiga, a bushe yana ja. Ki wanke hannu da sabulu. Ki tsuguna, ko ki ɗora ƙafa ɗaya a kan wani abu, ki saki jikinki, ki ja numfashi. Tsoro shi ke ɗaure jiki, in jiki ya ɗaure ko tsinke ba zai wuce ba. Kada ki miƙe shi sama sak, ki karkata shi wajen baya, kamar kina nufin ƙugunki. In babban bututun ya shiga, ki tura ƙaramin da yatsa, sannan ki zaro su duka biyun, ki bar zaren a waje. Ki ji ni da kyau, duka biyun. In kin miƙe kina jin sa, bai kai inda ya kamata ba. In ya zauna daidai ba za ki san yana nan ba. In ya ƙi, ki bari, ki ɗaura ƙunzugunki, wani watan ki sake gwadawa. In zafi yake miki na gaske, kada ki yi wa kanki dole don sauran suna yi. Ba jarrabawa ba ce.

Da na yi shi daidai, na yi mamaki. Na daka fura, na yi wanki, na hau kan turmi na sauko da kwando daga ragaya, ba na waiwayen bayan zanena. Tun ina yarinya ban taɓa yin kwanakin nan ba tare da ina tafe ina jan zane ina bin bango ba. Na zauna a bakin rijiya na ce, ashe haka za ki tsaya a wurin aikinki, hankalinki a kan wanda ke kwance, ba a kan rigarki ba. Na yi wa babbar sistarku addu'a.

Sai dai daɗin nan shi ya ja ni ga wani kuskuren. Watan da ya biyo aka yi suna a gidan Alhaji na kan kwana, aka ba ni tuƙin tuwo. Na sa tun da sassafe, na shiga hidima, na manta sam. Na dawo a gajiye na kwanta. Sai washegari da hantsi na ji wani wari da ban saba ji a jikina ba, ga jikin ya yi mini nauyi, sannan na tuna. Na firgita ƙwarai. Allah ya taimake ni zaren yana nan, na cire, na yi wanka da ruwan ɗumi, abin ya tsaya a nan. Iya Sikira ba ta yi dariya ba a wannan karon, faɗa ta yi mini sosai. Ta ce auduga in ta daɗe a jiki ruɓa take jawowa, tana iya kwantar da mace.

Ke kuwa aikinki ya fi tuƙin tuwo ɗauke hankali. Ki ɗaura wa kanki alama. Duk sanda kika ji lokacin salla ya shiga, ko da ba ki yi, ki tuna da shi ki canza. In za ki yi dogon barci, ki koma wa ƙunzugu, na sa miki su a akwati, ba su zama banza ba. Kada ki sa sabo sai kin tabbata kin cire tsohon. In jinin ya ɗauke, ki duba na ƙarshe ya fita. In kika ji zazzaɓi ko jiri yana jikinki, ki cire nan take ki gaya wa likita gaskiya, kada ki ce kunya. Wanda kika cire ki naɗe a takarda ki ƙona ko ki jefa a masai, kada ki bari a inda kare ko idon mutum zai kai.

Wani abu kuma. Ranar da na fara jin daɗinsa, aka kira la'asar, sai ga ni na ɗauki buta zan yi alwala, don ban ga komai a jikina ba. Na tsaya da butar a hannu. Daga baya na tambayi Malama da ke koya mana karatu, ba tare da na faɗi dalili ba, na ce in mace ta tare jini bai fito waje ba fa? Ta ce haila tana nan haila, ko an gan ta ko ba a gan ta ba. To azumi ya matso. Kwanakin da kika sha ki riƙe su a ranki, ki rama in Allah ya kawo sauƙi. Kada tsabtar riga ta ruɗe ki.

Saura maganar da na fi jin nauyinta. Abin da na kai gidan Asabe bai tsaya a can ba. Ya bi gidajen suna da wajen famfo har ya isa kunnen Hajiya Kande, mahaifiyar Malam Sani da aka yi maganar aurenku in yaƙi ya ƙare. Ran nan da yamma sai ga ta ta yi sallama. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo fura. Aka gaisa, aka yi maganar tsadar goro tun da hanyoyi suka lalace, aka yi ta zagaye. Can ta ce:

"Ni kuwa wata magana nake ji a gari. An ce yaran nan da suka tafi, akwai abin da aka raba musu, wanda 'yar mutunci ba ta sawa. Na ce bari in ji daga bakin uwa, tun ba a yi nisa ba."

Da a da ne, da na sunkuyar da kai na ce ban san komai ba, ko in hau rantsuwa cewa ƙarya ake miki. Sai na tashi na shiga ɗaki na ɗauko ɗaya cikin nawa, na ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

Na ce, "Ga shi nan, Hajiya. Auduga ce da zare. An ba su don inda suke babu ruwan wanki, babu wurin shanya, kuma suna tsaye a kan 'ya'yan mutane da ke zubar da jini. Ni da kike gani na sa shi, wata biyu ke nan. In yana zubar da mutunci, to nawa ya fara zubarwa, a cikin ɗakin mijina. Yarinyar nan a gabanki ta girma. Kin taɓa ganin ta tsaye da wani a lungu? In kun ga ba za ku iya ba, ba a dole, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Amma ba za a ce an fasa don ta yi abin kunya ba. Wannan kam ban yarda ba."

Ni kaina ban san ina da wannan bakin ba. Hajiya ta sunkuyo ta dubi abin. Ta sa yatsa biyu ta ɗauka, ta ɗaga zaren, ta duba ta wannan gefe ta duba ta wancan. Ta ce, "Ke da kanki?" Na ce ni da kaina. Ta ce, "Da zafi?" Sai na ba ta labarin ranar da na bar bututun. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, har furar ta sarƙe ta. Da za ta tafi ba ta ce ta gamsu ba, ba ta kuma ce an fasa ba. Ta ce, "Allah ya rufa mana asiri, ya dawo da su lafiya." Bayan kwana biyu ta aiko da ƙullin kilishi ta ce a sa miki a saƙo. Shi ne za ki gani tare da takardar nan.

Ban san yadda maganar za ta ƙare ba, Allah ne ya sani. Amma ki riƙe wannan. Kada ki yi abin da za ki ɓoye, abin da kuma kika yi da gaskiya kada ki ɓoye shi don tsoron baki. In an tambaye ki, ki faɗa a fili da ladabi. Asabe kuwa muna gaisawa, ban riƙe ta ba. Abin da ta ji ta faɗa, ni na kai mata.

Ranar da za ku tafi ban raka ki tasha ba, kin san ba a yi. Amma na tsaya a bayan ƙyauren zaure ina leƙe ta tsaga. Na gan ki da farar riga da 'yar hular nan, akwati a ka, kina tafe a bayan Babanki, ba ki waiwaya ba, ba ki kuma yi sauri ba. Mazan da ke zaune a dakali suka janye ƙafafunsu kika wuce. Alfahari ya cika ni. Ni da aka kawo garin nan a jirgin ƙasa na shanu ban san ko alif na boko ba, ni na haifi wannan. Yarbawan Mokola yanzu ba sa ce mini Iya Talatu, Iya Nas suke cewa, ina amsawa da ƙarfi.

Matan unguwa waɗanda 'ya'yansu suka shiga soja suna ta zuwa wurina. Wannan ta ce nata dogo ne mai tsage a kumatu, waccan ta ce nata yana da wushirya, in an kawo shi ki duba shi da kyau. Ina ce musu to, zan faɗa. Ga shi na faɗa. Amma na kuma gaya musu cewa 'yata ba ta tambayar ɗan wane ne kafin ta ɗaure rauni. Kada ki ba ni kunya a kan wannan. Ko daga ɗaya ɓangaren aka kawo shi, ko ba ya jin Hausa, ko bai san salati ba, akwai wata mata a wani gari da ta tsaya a bayan ƙofa ranar da ya fita. Ki wanke masa ciwon kamar tana kallon hannunki.

Ki ci abinci ko ba ki jin yunwa. Ki tafasa ruwa kafin ki sha. In an ce ku kwanta a ƙasa, ki kwanta, ba a jarumta da jirgin sama.

Hannuna ya gaji, tawada ta ɓata mini yatsu. Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah ya sa albarka a hannuwan nan naki, duk wanda suka taɓa ya tashi. Allah ya kashe wutar yaƙin nan, ya mai da kowane ɗa ɗakin uwarsa, ya dawo mini da ke ta ƙofar da kika fita, da ƙafafunki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki